Tabita Mati da Masu Taron Bita

A Ƙanƙara, in ka ce Tabita Mati, sai an ɗan yi tunani kafin a gane wadda kake nufi. Amma ka ce Sista Maman Alheri mai kemis a bayan tasha, ko ɗan acaɓar da ya shigo garin jiya zai kai ka ƙofarta.

An haife ta a wani ƙauye da ke gefen Daudawa, a gidan manoma. Kakanta Bamaguje ne, har ya bar duniya bai fasa yanka jan zakara a farkon damina ba. Ubanta Mati ya shiga coci tun yana saurayi. Ƙanen Mati kuma, Ubale, ya musulunta har ya sauke farali. Su ukun gona ɗaya suke nomawa, suna gardamar addini a bakin kunya da babbar murya, in rana ta take su zauna gindin ɗorawa su sha fura a ƙwarya ɗaya. A cikin wannan hayaniya Tabita ta tashi, ta saba da mutum ya faɗi abin da ya yarda da shi a fili, kowa na ji.

Da ta gama makarantar koyon aikin lafiya, aka tura ta ɗan asibitin Ƴargoje. Shekara tara ta yi a can, daga nan aka mayar da ita Sabuwa. Lokacin da ƴan bindiga suka lalata hanyoyi, abokan aikinta da yawa suka nemi canjin wuri, babu kuma wanda ya ga laifinsu. Ita ta zauna. Ta ɗinke raunuka, ta karɓi haihuwar matan da suka gudo daga ƙauyuka da ƙafa. Ba ta da taushin baki, majinyata na tsoronta, amma wurinta suke komawa. Sai da gwiwa ta fara hana ta tsayuwa, tana da shekara hamsin da biyu, sannan ta ajiye aiki ta buɗe kemis a Ƙanƙara.

Kemis ɗin bai yi wani armashi ba, kuma halinta ne sila. Mutum zai shigo yana neman allurar ƙarfi, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Gajiya ce. Je ka ci tuwo ka kwanta." Ya fita bai sayi komai ba, ya tsallaka shagon da ke gaba a yi masa allurar.

Aminiyarta ita ce Hamida, Maman Salim, wadda suka yi aji ɗaya a makaranta, ita ma tana da kemis a Faskari. Shekara biyu kafin wannan labari aka harbe mijin Hamida a hanyar gona, tun daga nan ta zama shiru-shiru. Saboda haka ranar da ta zo Ƙanƙara fuskarta a sake, riƙe da wani kati mai ƙyalli, Tabita ta ji daɗi tun kafin ta san abin da ke rubuce.

"Taron bita ne a Funtuwa, Maman Alheri. Kwana biyu, kyauta. Na masu kemis da ƙananan asibitoci. Za a koya muna yadda ake ciyar da sana'a gaba."

"Kyauta? Su mi za su samu?"

"Ke kin cika zargi. Zo dai ki gani."

Ta je. Kuma ba ta taɓa musun cewa ranar farko ta ƙaru ba. Wani matashi mai suna Adnan, mai farar riga da murya kamar ta gidan rediyo, ya koya musu jera magani a kanta ta yadda wanda ya kusa lalacewa zai zo gaba, da yadda ake tarbar mai saye, da dabarar sayen kaya a haɗe don a samu sauƙi. Tabita ta cika rabin littafi da rubutu.

Rana ta biyu aka raba musu takarda mai tambaya ɗari da hamsin. An ce gwajin halin ɗan kasuwa ne. Tambayoyin farko na sana'a ne, daga nan suka karkata. Kina yawan kuka ke kaɗai? Akwai wanda ya mutu ya bar ki da ƙunci? Akwai abin da kika taɓa yi wanda ba ki faɗa wa kowa ba? Tabita ta tsaya a ta arba'in, ta ajiye biro. Ta waiwaya, ta ga Hamida na rubutu tana share ido da gefen mayafi.

Da yamma Adnan ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa Tabita sakamakonta bai cika ba, amma ko a haka ya nuna akwai ƙulli a zuciyarta, shi ya tare wa kemis ɗinta hanya. Ya ce akwai mataki na biyu, a Zauren Farkawa, inda ake kwance irin wannan ƙulli bisa koyarwar wani da suke kira Jagora.

"Wane ne Jagora?"

"Masani ne, shina ƙasar waje."

"Addini ne?"

Adnan ya yi murmushi. "Ba ma hana kowa addininshi, Sista. Ilimi ne kawai."

Ta ce ta gode, gwiwarta ba ta son yawan tafiya. Hamida kuwa ta shiga mataki na biyu, ta shiga na uku. Cikin wata huɗu ta sa wani farin zare a wuyan hannu, ta rataye hoton Jagora a kemis ɗinta sama da kantar maganin yara. Ta fara wasu kalmomi da Tabita ba ta san ta da su ba: wane farkakke ne, wane mai barci ne. Ta daina zuwa islamiyyar matan unguwarsu. Yayanta ya yi mata magana, ta ce an gargaɗe su cewa dangi ne za su fara tare musu hanya. Ba Musulmi kaɗai ba, har wani dattijon cocin su Tabita mai ɗakin gwajin jini ya sa zaren.

Wata Talata, ranar kasuwa, Adnan ya zo kemis ɗin Tabita da kansa. Ya yaba jerin kantocinta, sannan ya sauke murya. Ya ce Zaure na da shiri na musamman don masu hawan jini da ciwon suga, da matan da aka kashe wa maza. Abin da yake so kawai sunayensu da lambobin wayarsu, tunda wurinta suke zuwa, kuma in ita ta ce su je za su je.

"Wato ba kemis ɗina kuke so ba," in ji Tabita. "Bakina kuke so."

"Taimako ne, Sista."

"Wanda ya kwance mani zane na duba shi, ba zan miƙa sunanshi ga baƙo ba. Kauce mani, akwai mai jira a bayanka."

Ta ɗauka magana ta ƙare a nan, har ranar da aka kawo Baba Hadi.

Baba Hadi manomi ne a Ƴargoje, mai ciwon suga. Tabita ce ta gano masa ciwon tun tana aiki a can, ta kuma yi shekaru tana masa faɗa a kan shan magani har ya saba. Bayan ta bar garin, a Faskari yake karɓar maganinsa, wurin Hamida, saboda ɗiyarsa na aure a can. Da azahar aka kawo shi a kan babur, an ɗaure shi da rawani a bayan mai tuƙi don kada ya faɗi. Leɓɓansa sun bushe, ƙafarsa ta dama a naɗe da tsumma. Tabita ta kwance tsumman, warin ya cika shagon.

"Baba, ina maganinka?"

"Na aje shi, ɗiyata. An ce kwana arba'in."

"Wa ya ce?"

"Malaman nan na Zaure. Maman Salim ta tura ni. Sun ce ba suga ba ce, ƙulli ne. In na sha ƙwaya wankin zuciyar da suke mani ba shi kamawa." Ya numfasa. "Saura kwana tara."

Tabita ta ɗebo ruwan ɗumi. Ta wanke ƙafar, ta gwada jininsa, ta tare mota da kanta ta raka shi babban asibiti. An ceci ransa, amma sai da aka yanke yatsu uku.

Washegari ta kira Hamida. Hamida ta yi kuka a waya, ta ce ita ba ta ce ya bar magani ba, tura shi kawai ta yi. Daga baya kuma ta ce Adnan ya bayyana mata cewa Baba Hadi bai bi ƙa'ida ba ne, shakka ta shige shi. Tabita ta kashe wayar.

Mako uku bayan haka aka shirya sabon taron bita, wannan karon a wani ɗakin taro a Faskari, don ma'aikatan lafiya na Faskari da Sabuwa. Tabita ta sa farar rigar aikinta da ta daɗe a akwati, ta shiga mota. A bakin ƙofa aka gane ta a matsayin tsohuwar ɗaliba, aka ba ta kujera a gaba. Mutane sun kai arba'in, da yawansu yara ne da ta koya wa yadda ake ɗaura wa majinyaci ƙarin ruwa a Sabuwa. Hamida na gefe tana raba littattafai, ta ƙi haɗa ido da ita.

Da Adnan ya tambaya ko akwai tsohon ɗalibi da zai faɗi amfanin da ya samu, Tabita ta miƙe, ta dafa kujera saboda gwiwa.

"Ni Tabita Mati. Mafi yawanku kun san ni. Abin da za a koya maku yau mai kyau ne, ku rubuta. Gobe za a ba ku takarda a tambaye ku abin da ke sa ku kuka. Jibi a ce akwai ƙulli a zuciyarku. Daga nan a nemi sunayen majinyatanku."

"Sista, lokaci ya..." Adnan ya matso zai karɓi abin magana. Ta miƙa masa da kanta. Muryar da ta yi shekaru tana kiran layin awo da ita ba ta buƙatar na'ura.

"Baba Hadi na Ƴargoje shina kwance yanzu, babu yatsu uku, don an ce mashi ya aje maganin suga kwana arba'in. Wanda bai yarda ba, ga mota, mu je ya gani. Ni a gidanmu addini uku ne. Malam ya zo ƙauyenmu ya ce ga abin da ya kawo. Fasto ya zo ya ce ga nashi. Kowa ya faɗi sunan abinshi a bakin ƙofa, mai so ya bi, wanda bai so ya zauna. In addini gare ku, ku kafa allo ku rubuta, ku yi wa'azinku a kasuwa kamar kowa. Amma ba ta cikin rigar nan ba." Ta kama wuyan farar rigarta. "Mutane na buɗe muna baki mu zuba masu abin da ba su san sunanshi ba, don sun yarda da ita. Ba ta haya ba ce."

Wani daga cikin masu tsaron ƙofa ya kama hannunta. Ta dube shi ta ce, "Ni na karɓi haihuwar matarka a Sabuwa. Sake ni." Ya sake ta. Ta fita a hankali, tana ɗingishi. Ba kowa ya bi ta ba. Mutum goma sha ɗaya suka tashi, sauran suka zauna, wasu don kunya, wasu don an riga an kawo shinkafa.

Abin bai wuce mata a banza ba. Takardar lauyan Zaure ta zo, ana neman ta janye maganarta cikin kwana bakwai. Ta manna ta a ƙofar kemis don kowa ya karanta. Aka baza cewa tana sayar da lalataccen magani, masu bincike suka zo suka kwashe yini suna juya kwalabe, ba su samu komai ba, amma masu saye sun ragu na wani lokaci. Dattijon cocinsu mai zare ya daina amsa gaisuwarta. Ɗiyarta Alheri ta kira daga Zariya tana roƙonta ta yi shiru, garin ba lafiya, ba a san wa ke bayan mutanen nan ba. Tabita ta ce ta ji. Ranar Laraba ta shiga motar Sabuwa, ta bi kemis-kemis tana ba da labarin ƙafar Baba Hadi, ta kuma rubuta wa ƙungiyar masu kemis takarda da sa hannunta.

Zauren bai rushe ba. Sun dai daina taro a wannan yanki, an ce sun koma wata jiha da sabon suna a katin gayyata.

Hamida ba ta kira ba har aka yi girbin dawa. Sai wata safiya Tabita na share gaban shago ta ɗaga kai ta gan ta tsaye, ta rame. Zaren na hannunta har yanzu, ta dai ja hannun riga ta rufe shi.

"Yaya jikin Baba Hadi?" ta tambaya.

"Ba ni zan faɗa maki ba. Shina Ƴargoje."

"Ba zan iya shiga gidan nan ba, Maman Alheri. Da wane ido?"

"Da wanda kika zo da shi."

Tabita ta jingine tsintsiya, ta rufe shago tun da safe a ranar ciniki, ta tare acaɓa biyu. Sun tarar da Baba Hadi a ƙofar gida yana ɓare gyaɗa, ƙafar a miƙe kan buhu. Ya gane Hamida tun daga nesa. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya kira matarsa ya ce a kawo wa baƙi tabarma. Hamida ba ta jira tabarmar ba, ta durƙusa a ƙasa ta fara kwance bandejin don ta ga yadda wurin ya warke. Tabita ta tsaya a kanta, ta ce ta bi a hankali, gefen dama bai gama kamewa ba.