Masu Shara a Cikin Hanta

Hannuna ya san cikin kifi tun kafin ya san alƙalami. Karatu sai da na haifi 'ya'ya huɗu na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, amma feɗe kifi da banda, da su na tashi a bakin kogin Kwara.

Hantar tarwaɗar kogi ja ce, tana da ƙarfi. Ta kifin kiwo kuwa, wanda ake tsarewa a rami ana watsa masa abinci ba dare ba rana, koɗaɗɗiya ce, tana dagargajewa tsakanin yatsu. Ban taɓa tambayar dalili ba. Kaji nake jefa wa.

Wan maigidana shi ya fara barin kogi. Ya jingine filafilin tuƙa jirgi, ya buɗe shago a Lolo yana sayar da kayan da ake ƙetarowa daga Benin. Ya yi jiki, ya yi sheƙi, kowa yana yaba matarsa. Bayan wasu shekaru cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ruwan ɗorawa. Wata rana da hantsi na je gaishe shi. Da ya juya a kan tabarma, na ji ruwa ya motsa a cikinsa, irin ƙarar da yake yi idan ya bugi gefen jirgi. Tsofaffi suka ce kogi ne ya biyo shi har gida, don ya bar shi ba sallama. Bai kai damina ba.

Maigidana ya gaji shagon, shi ma ya jingine nasa filafilin. Ni kuma na ɗaura ɗamara. Shayi mai kaurin madara da fanke da safe, shinkafa da mai da rana, fura da sukari kafin la'asar, ga lemon kwalba a gefensa kullum. Bakinsa ba ya hutawa, ni kuma ina jin daɗi.

Sai ya fara gajiya ba aikin komai. Yana yawan dafa gefen damansa, ƙasan haƙarƙari. Ba ya cewa ciwo, nauyi yake cewa.

Babbar ɗiyarmu, da ke karatun aikin jinya, ita ta matsa muka je asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya shafa masa wani abu mai sanyi a ciki, ya bi da na'ura. A jikin gilashi na ga wani abu fari-fari yana motsi kamar hazo a kan ruwa.

“Hantar ta yi haske da yawa,” in ji likita. “Kitse ne. Malam, ka yi haƙuri, kana shan giya?”

A shekarun Shari'a ta kankama, kowa ya san masu shan giya iyaka suke ƙetarewa su sha. Maigida ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

“Likita, ni shinkafa ka kai ni Benin. Giyata ga ta nan zaune, ita ka dama min fura.”

Likita ya ce akwai irin da ba ruwansa da giya. A rage zaƙi da mai, a motsa jiki, a rage ƙiba, a bar ciye-ciye tsakanin abinci. In an bari, hantar tana iya ƙanƙancewa, ciki ya tara ruwa. Da ya ce ruwa, ni da maigida ba mu kalli juna ba. Ni dai hantar kifin kiwo nake gani a yatsuna.

Washegari ina sharar tsakar gida, ɗiyata ta riƙe tsintsiyar.

“Inna, kin san cikin hantar Baba ma akwai masu shara?”

“A'uzu billahi. Su wa?”

“Ba iskoki ba ne, Inna. Hanta ƙananan ɗakuna ce da ido ba ya gani. Kowane ɗaki yana tattara abin da ya lalace a cikinsa, har da ɗigon kitse, ya ƙunshe, ya narkar, ya yi amfani da shi. Amma sun fi aiki in ciki ya huta ko jiki ya motsa. Ke kina shara baƙi na zaune suna ci?”

“Sai sun tashi.”

“To baƙin Baba ba su tashi. In kitsen ya yi yawa kuma, sharar kanta rauni take yi.”

Na rage zaƙi da mai. Maigida ya koma tuƙa jirgi da safe kafin ya buɗe shago. Cikin 'yan watanni rigarsa ta fara yi masa yawa, nan ne yayarsa ta zo.

“Ke, mi kika yi ma ƙanena? Kogi ya ɗauke min ɗaya, ke kuma za ki ƙarasa wanga da yunwa? Mata na ta magana a kasuwa.”

Da ta tafi na dama fura, na zuba sukari cokali uku kamar da, na nufi inda maigida yake. Bayan azahar ne, gari ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Yana barci a gindin darbejiya, hannunsa a kan gefen dama. Na durƙusa da ƙwaryar. Ban san abin da ya sa ba, na kai kunnena kusa da cikinsa. Ruwa nake sauraro.

Na daɗe. Sai na ji wata ƙara siririya can ciki, tana zuwa tana komawa. Na san kukan yunwa ne, na sani. Amma a kunnena, sak tsintsiya a kan ƙasa, a ɗakin da ba kowa.

Na tashi a hankali don kada in katse masu sharar. Furar na kai wa maƙwabta.

Da muka koma asibiti, likita ya ce hasken ya ragu, bai tafi duka ba. Yayar maigida har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Ni kuma duk sanda maigida ya juya a kan tabarma, sai in tsayar da abin da nake yi, in kasa kunne.