Motar da Sadisu Ya Sayar wa Malam Faruk

A Agege aka haifi Sadisu, a wani gidan haya mai dogon baranda da ke bayan layin dogo. A nan iyayena suka kama ɗaki ina yaro, shi ya sa na san shi tun bai fara aske gemu ba. Fataucin goro ne ya kawo kakansa Legas daga ƙasar Kano, ya zauna bai koma ba. Mahaifinsa dillalin shanu ne a mayanka. Sadisu bai bi ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya gama firamare, ya ɗan leƙa sakandare, sai ya shige garejin wani Bayarabe ya koyi kanikanci. Yarabanci a bakinsa kamar Hausa, har in yana ciniki a waya ba ka gane ɗan wace ƙabila ne.

Da ya ga kwanciya a ƙarƙashin mota ba za ta kai shi tsufa ba, sai ya koma dillanci, yana haɗa mai saye da mai sayarwa ana ba shi la'ada. A hankali ya samu ɗan fili a bakin titin Abule Egba, wanda bai fi ya ɗauki mota huɗu ba. Rumfar kwano ce da benci da buta. A nan ya yi sunansa, ana ce masa Sadisu mai motoci.

Wanda bai taɓa sayar da tsohuwar mota ba, gani yake in an miƙa makulli an gama. Sadisu ya sha gaya min cewa a nan ne aikin yake farawa. Yau wannan ya dawo giya tana ƙin shiga, gobe wancan ya dawo lagireto yana zuba. Akwai mai zuwa da sallama, akwai mai zuwa da zagi tun daga bakin titi, akwai wanda ba zai zo ba sai da ɗan sanda. Sauran 'yan sana'ar a layin suna da magana ɗaya: mota in ta fita daga fili ta zama ta mai ita. Shi kuma ya sa wa kansa doka, duk abin da ya fito a makon farko a dawo masa da ita su buɗe bonet tare. In laifin motar ne, ya gyara. In na direba ne, ba ya jin kunyar kowa. Na taɓa ganin wani saurayi da ya afka kwata da mota ya dawo yana cewa ƙafarta dama a lalace take. Sadisu ya tsuguna ya leƙa, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Ɗan'uwa, wannan sabon rauni ne, har yanzu siminti na jikin ƙarfen. Je ka gyara abinka."

Yana da zafin rai, kuma a ciniki ba ya ragi da sauƙi. Matarsa Batulu kan ce ko ita in za ta sayi mota a hannunsa sai ta yi gumi.

Malam Faruk mutumin Kontagora ne, ya daɗe yana jan tanka daga Apapa har ciwon baya ya sauke shi. Masallacinsu ɗaya da Sadisu. Abin da ya tara a shekarun tanka ya kawo, yana son mota mai kujera bakwai wadda zai riƙa ɗaukar fasinja da ita, ya kuma kai iyalinsa gida Babbar Sallah. Matarsa Hajo kitso take yi, kuma duk unguwar an san hannunta. In biki ya matso, sai ka ga mata a jere a ƙofar ɗakinta.

A daidai lokacin Sadisu ya karɓi tokumbo biyu iri ɗaya, wato motocin da aka yi amfani da su a ƙasar waje, daga wani mai shigo da motoci a Apapa wanda suka daɗe suna hulɗa. Kwantena ɗaya suka fito. Sallah ta matso, masu saye sun yi yawa, kowa na sauri. Ya saurari injin, ya zaga da kowace har Sango ya dawo, bai ji komai ba. Cikinsu fes, sai ƙamshin turaren mota mai ƙarfi. Malam Faruk ya zaɓi mai ruwan toka, aka yi addu'a, ya ja ta ya tafi. Ta yi masa aiki lafiya har makon ya wuce.

Ranar jajibirin Sallah da la'asar aka kira Sadisu a waya. Su Malam Faruk sun wuce gadar Jebba, ba su kai Mokwa ba, hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin kujera. Kafin Malam Faruk ya gangara gefen titi, ƙofofi sun kulle kansu, gilasai sun ƙi sauka. Da ƙarfen kwance taya ya fasa gilas ya riƙa jawo yara. Hajo ta fito, sai ta ga ƙaramarsu Bilkis tana can kujerar baya. Ta koma. Yarinyar ta fita ba ko ƙwarzane, amma hannun Hajo na dama ya ƙone tun daga yatsu har kafaɗa. Motar ta cinye ƙurmus, sai ƙarfe.

Washegari da aka sauko daga idi, Sadisu ya bar wa maƙwabci yankan ragonsa ya wuce Abule Egba. Ɗayar motar tana nan ba a saye ta ba. Ya kwance kujerar gaba, ya ɗaga kafet. A ƙasa busasshiyar laka ce mai laushi kamar gari, kusoshi duk sun yi tsatsa, wayoyi sun yi kore a mahaɗarsu. Ya san abin da yake kallo. Motocin da ambaliya ta shanye ne a can ƙasar waje, aka wanke su, aka fesa turare, aka turo.

Ɗanbaba, wanda filinsa ke manne da na Sadisu, ya leƙo yi masa barka da Sallah ya tarar da shi zaune a ƙasa. Ya duba, sannan ya mayar da kafet ɗin da ƙafarsa.

"Wa ya gani ban da ni?"

"Babu."

"To ka rufe. Waccan ta zama toka, ba wanda zai iya cewa ga abin da ya ci ta. Mota nawa ke kamawa da wuta a hanyar nan duk shekara? Mako ya wuce, ka fita haƙƙinsa. Ka je ka yi masa jaje kamar kowa."

"Ɗanbaba, ni da kullum nake ɗaga kafet. Wannan karon ne ban ɗaga ba."

"Sai me? Kai ka zuba ruwan?"

Bayan hutun Sallah Sadisu ya tafi Apapa wajen wanda ya sayar masa. Mutumin ya bar shi a tsaye, ya ce shi ma yadda ya saya haka ya sayar, kuma ai Oga Sadisu bakanike ne, da idonsa ya duba ya karɓa. Daga ranar ya daina ɗaukar wayarsa.

Sai da Hajo ta yi makonni a asibiti kafin su dawo Legas. Malam Faruk bai je wajen 'yan sanda ba, ya kai magana gaban limamin masallacinsu, Malam Audu. An zauna a zauren liman bayan la'asar, da dattawa kaɗan. Ina wurin. Malam Faruk ya rame, yana magana a hankali ba ya kallon kowa. Ya ce shi ba shi da hujja, amma ya shekara da shekaru yana tuƙi, kuma mota lafiyayya ba ta kulle mutane a ciki.

Liman ya yi bayani cewa in mai sayarwa ya san aibin kaya ya ɓoye, kayan kuma ya halaka saboda aibin, asarar duka tasa ce. In bai sani ba, abin da ke kansa shi ne bambancin da ke tsakanin lafiyayye da mai aibi. In kuwa ba a tabbatar da aibin ba, to sai haƙuri. Ya juya ga Sadisu.

"Malam Sadisu, ka san wani aibi a motar nan lokacin da ka sayar?"

"Allah gafarta Malam, lokacin ban sani ba. Yanzu na sani."

Ya faɗi abin da ya gani a ƙarƙashin kafet ɗin ɗayar motar, bai rage komai ba. Ya ce motar tana nan, wanda yake so ya je ya duba. Ya ce dubawar aikinsa ce, ya san yadda ake yi, saurin kasuwar Sallah ne ya sa ya tsallake.

A nan ne Malam Faruk ya ɗago ya kalle shi.

"Ɗaga kafet. Abin da ya rage ke nan?"

"Shi ke nan."

"Da ka ɗaga, da hannunta na nan."

"Haka ne."

Liman ya yanke cewa ba a samu ɓoyewa ba, don haka bambancin kuɗin ne a kan Sadisu, sai abin da ya ga zai iya na magani. Sadisu ya ce ya ji, amma bambanci ba zai mayar da mutum kan hanya ba. Yana da tasa motar ta hawa, wadda ya san kowace waya da ke jikinta. Ya ajiye makullin a kan tabarma gaban Malam Faruk, ya ce asibiti kuma a bar masa. Malam Faruk ya daɗe yana kallon makullin. Da a ce yana da wata hanyar ciyar da yara, na tabbata da bai taɓa shi ba. Ya ɗauka, ya tashi, ya fita.

A gida Batulu ba ta ɓoye ɓacin ranta ba. Ɗakinsu na jikin namu, ina jin ta.

"Baban Safinatu, liman da kansa ya rage maka. Kai ka fi shi sanin shari'a ne? Yaranmu fa? Da me za ka biya makaranta?"

"Za a biya."

"Da wace motar? Waccan ma ka ce ba za ka sayar ba."

"Wa zan sayar wa, Batulu? Ki faɗa min sunan wanda zan ɗora a cikinta."

Masu kayan gyara ya kira suka farfasa ta, suka ɗauki ƙofofi da gilasai da injin a farashin da ya ga dama. Wayoyin ya hana su, ya tara ya ƙona da kansa. Jarinsa ya karye. Filin da ke ɗaukar mota huɗu ya koma ɗaya, wani lokacin ba ko ɗaya, sai ya koma dillancin la'ada kamar farko. Ya riƙa shiga danfo, motar hayar Legas, zuwa Abule Egba, yana tsayuwa a tasha tare da mutanen da ya taɓa sayar wa mota. Wasu 'yan layin suka daina zama a bencinsa, suna cewa ya koya wa masu saye rashin kunya, yanzu kowa sai ya ce a kwance masa kujera.

Hannun Hajo ya warke, amma yatsun sun ƙandare, ba ta sake kitso ba. Batulu, duk da faɗan da ta yi, ita ce ta fara zuwa gidan. Ranar farko an ce mata Hajo na barci. Ta koma. A zuwa na uku ta tarar da Bilkis da yayarta a tsakar gida kai a tsefe, uwar na zaune tana kallonsu. Batulu ba ta iya kitso sosai ba, amma ta jawo ƙaramar ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta. Sai da aka yi rabi, sannan Hajo ta ce, "Maman Safinatu, kin ja da yawa, sassauta ta wajen ƙeya." Tun daga nan duk Alhamis Batulu na can, Hajo na faɗa mata yadda za ta raba gashi.

Tsakanin mazan kuwa ba a kai haka ba. Shekaru suna sallah a sahu ɗaya, in an sallame kowa ya nemi takalminsa. Malam Faruk yana amsa sallama, ba ya ƙarawa. Sadisu bai taɓa neman ya ce ya yafe ba. Na tambaye shi dalili, ya ce ba Malam Faruk ne ya ƙone ba, kuma wadda ta ƙone ba shi da fuskar da zai tsaya a gabanta ya roƙi wani abu.

Bara waccan Malam Faruk ya kwashe iyalinsa suka koma Kontagora gaba ɗaya, hayar Legas ta fi ƙarfinsa. Da safen da za su tafi ya tsaya a bakin filin, mota cike da kaya har sama. Bai kashe injin ba. Sadisu ya taso, ya zaga motar ya duba tayoyi, ya ja igiyar kayan ya ji ta yi ƙarfi. Hajo na gaba, mayafi ya rufe hannun.

"Malam Sadisu, za mu wuce," in ji Malam Faruk.

"Allah ya tsare hanya. Ka duba ruwa in ka kai Ilori."

"Zan duba."

Hajo ta leƙo ta ce ya gaida Batulu, ya ce mata ta ci gaba da kitson, hannunta ya fara faɗawa. Suka hau titi.

Yanzu Sadisu ya haura sittin, ciwon suga ya fara taɓa masa ido. Safinatu ta gama karatun jinya tana aiki a wani asibiti a Ikeja, ita ke matsa masa ya bar zaman rana. Bai bari ba. Mota biyu ce a filin a watan jiya da na biya ta wajensa, ɗaya ma ta wani ce aka ba shi ya sayar. Na tarar da shi da wata mata da ta dawo tana faɗa a kan batir, yana ce mata da Yarabanci ta zauna tukuna ta sha ruwa. Ban tsaya na ji yadda suka ƙare ba, don danfon da nake jira ya iso.