Muntaka da na'urar da aka riga aka gwada

A kasuwar shanu ta Batsari, in ka ji an ce a kira Muntaka, to ciniki ya kai inda ake tsoron cuta. Mutumin Karare ne, gajere, mai faɗin tafin hannu. Yakan buɗe bakin dabba ya dubi haƙora, ya ɗaga ƙofato, ya sa a zagaya da ita yana kallon takunta. Daga nan sai ya ce "saya" ko "bari", ba ƙari. Ya taso a zamanin da mai sayar da rediyo ba ya karɓar kuɗinka sai ya sa batir ya kamo maka Kaduna ka ji da kunnenka, mai tocila kuwa ya kunna ta ko da rana tsaka. Abin da ba a gwada ba, a wurin Muntaka, ba kaya ba ne.

Garkensa gado ne daga mahaifinsa. Shekarar da 'yan bindiga suka faɗo ta wajen Ruma suka kore rabinsa, Muntaka ya yanke shawarar sayar da sauran, ya ɓoye dukiyar inda ba a kora ta da sanda, in ƙasa ta lafa ya sake tayar da garken tsohon. Banki bai kwanta masa a rai ba, don kuɗin bijimi a bana ba sa sayen maraƙi baɗi. Matarsa Tasalla kaɗai ta ƙi. Karsana guda take da ita, ta tura ta wurin wanta a Yasore.

Ya nufi Safana wurin Jamaluddeen, ɗan wani amininsa, mai shagon wayoyi. Jamaluddeen ya yi masa bayanin kirifto: dukiya ce da ke zaune a intanet, makullinta kuma ana ajiye shi cikin wata 'yar na'ura. Ya ɗora kwalaye biyu a kan kanta. Ɗaya na'urar kamar babban yatsa take, da maɓallai biyu, ta fi arha. Ɗayar tana da gilashi mai faɗi, wanda idon dattijo zai iya gani.

"Buɗe mu gani," in ji Muntaka.

"Ba a buɗewa, Baba. Kai za ka yage ledar da hannunka. Ita za ta ba ka kalmomin sirri, kai kaɗai, ko ni kada in gani."

"In sayi abu a rufe? Ubanka ko buhun gero bai taɓa sayarwa ba sai an soka an ga ƙwaya! Ko ɓera ka naɗe mini a ciki?"

"Baba, saurara mana, wannan ita ce..."

Muntaka ya riga ya sa takalmi.

Ranar kasuwar Batsari ya ga wani baƙo a ƙarƙashin laima, fes da shi, yana sayar da irin na'urorin nan. Tun kafin a tambaye shi ya zaro mai gilashin daga kwalinta, ya kunna.

"Ni ba na sayar wa dattijo abu a rufe, Alhaji. Na gwada ta, na shirya ta. Kalmomin ma ga su a kan kati, ba sai ka wahala ba."

Ran Muntaka ya yi fari. Duk da haka bai saki jiki ba. Ya sa aka zuba kuɗi kaɗan, ya ga sun shiga. Ya sa aka fitar, aka miƙo masa a hannu. Ya juya na'urar gaba da baya kamar yadda yake juya ƙofato, sannan ya ce wa kansa "saya". Kafin la'asar ya sayar da shanun, garken mahaifinsa ya shige ciki gaba ɗaya. Ya sa ta a gwangwani tare da katin, ya binne ƙarƙashin gadonsa.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Hanya ta ɗan lafa, masu gudun hijira suka fara komawa gonakinsu. Muntaka ya gyara turaku, ya zaɓi shanun da zai saya, har ya yi magana da masu su. Ya tono gwangwanin, ya hau babur zuwa Safana.

Jamaluddeen ya jona na'urar. Ya duba. Ya goge gilashin da bakin rigarsa ya sake dubawa.

"Baba, wa ya buɗe kwalin nan?"

"Mai ita. A gabana aka gwada."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Babu komai a ciki. Tun makon da ka zuba aka kwashe."

Muntaka ya yi dariya, don ya ɗauka tsokana ce. Da ya ga Jamaluddeen ba wasa yake ba, sai ya miƙe tsaye.

"Ba ta bar ɗakina ba! A kanta nake kwana! Ko Tasalla ba ta san wurin ba!"

"Dukiyar ba a cikinta take ba, Baba. Makulli ce kawai. Kalmomin nan su ne komai, kuma mutumin ya kwafe su kafin ya ba ka."

Muntaka ya zauna a ƙasan shagon. Masu bindiga da suka zo, an ji harbi, an ga sawun shanu har bakin daji, kuma rabi suka bari. Wannan kuwa da murmushi ya zo, ya kira shi Alhaji, bai bar ko kashin saniya ba. Ya riƙa kallon kwalayen da ke kan kanta, har yanzu cikin ledarsu.

An nemi mai laima a kasuwanni, ba wanda ya san ko sunansa.

Ya koma gida ya gaya wa Tasalla. Washegari ta ɗauki mayafi ta ce, "Tashi, Malam, mu je Yasore."

Suka tarar karsanar Tasalla ta haihu. Muntaka ya durƙusa a gaban 'yar maraƙar, hannunsa ya kai bakinta da kansa, sai ya tsaya cak, ya janye shi.

"Ba ka duba ba," in ji Tasalla.

"Kwance igiyar kawai," ya ce.