Kalwar Malam Maiwada

A duk ƙasar Malumfashi babu wanda ya san halin iri kamar Malam Maiwada na Dayi. Shi da kansa ya shaida mini haka. Shekara ashirin da shida ya yi yana gadin wani ofishin gona, kuma tagar ɗakin taro ba ta rufuwa.

Matarsa Adama daddawa take yi. Da masu gawayi suka sare ɗorawoyin gefen gari, kalwa ta yi mata wuya, har sana'ar ta fara tangal-tangal. Malam ya ce ta kwantar da hankalinta, a bayan gida zai shuka mata.

Ƙwayar ɗorawa kuwa ɓawonta tauri gare shi, sai ta daɗe a ƙasa ba ta motsa ba. Malam ya tuna ya ji an ce a zuba mata ruwan zafi ta kwana. Ko a kankare ta aka ce? Akwai kuma maganar akuya, amma ranar an kira shi buɗe ƙofa.

Ya zaɓi ruwan zafi. Ya jiƙa kalwa a kwano, ya ajiye a madafa, ya tafi kasuwa. Adama ta shigo ta ga kalwa cikin ruwa kusa da murhu, ta yi abin da ta saba yi shekara talatin: ta ɗora, ta ƙara itace. Malam ya dawo ya ga ɓawo ya yi laushi, ya ce lallai ilimi gaskiya ne, ya kwasa ya shuka.

Mako uku yana ban-ruwa. Babu tsiro, sai wani wari da ya ce kamar ya san shi.

"Malam, wai wacce ka shuka?" in ji Adama.

"Ta kwano."

"Wadda na dafa?"

"Dafawa kika yi?"

"To don me zan bar ta ɗanya? Ai na zaci taimako ka kawo mini."

Karo na biyu ya ɗauki abin yanke farce, ya ɗan ɓantare gefen kowace ƙwaya, ya jiƙa a ɗakinsa, ya sa kwaɗo. Da ya shuka, bakwai suka fito. Har yau bai tabbatar ko yankan ne ko kwaɗon ba, amma ya kira Adama ta zo ta ga ƙarshen wahalarta.

Ɗorawa takan kai shekara takwas kafin ta yi 'ya'ya. Adama kuwa duk ran Alhamis take ɗora tukunyar daddawa.