Ranar da na ɗaga jinkar rumbun maigidana

Ko da tsufa zai kwashe mini hankali, ranar da na ɗaga jinkar rumbun maigidana a gaban baƙi ba za ta fita a raina ba. A ƙauyenmu, can wajen Korahane, mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Shi yake shiga ya fiddo dami, ke naki sussuka da daka. Haka na tarar, haka na bi har na aurar da 'ya'ya.

A waccan shekarar ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fidda kai, abin da ya tsira kuma tsutsa ta bi ta cinye. Maigidana ya riga ya yanke shawara, zai sayar da bijimin nomanmu guda ɗaya, ya tafi Libiya biɗar kuɗi da furfurarsa. Ana cikin haka sai ga ma'aikatan gidan gona daga Dakoro, gwamnati ta turo su duba ƙauyukan da suka yi asara don a ba su tallafi.

Aka tara magidanta a ƙofar maigari, mu mata muna daga bayan dannin kara muna saurare. Babbansu ya tambaya, "Yaya damana ta bana?" Sai na ji maigari ya ce, "Alhamdu lillahi, mun gode Allah." Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa alhamdu lillahi. Har da nawa, wanda rabonsa da tuwon dare ya kwana biyu! Mazanmu ke nan. Gara yunwa ta kar da mutum da ya ce rumbunsa fayau a gaban surukinsa. Baƙin nan suka dubi juna, suka fara naɗe tabarma.

Wallahi ban san sa'ad da na zagayo ba. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a gahwarce ni. Ku baƙi, kahin ku tahi, ku zo ku diba wani abu." Maigidana ya daka mini tsawa, "Ke, mi ya kawo ki cikin maza?" Na yi gaba zuwa bayan gari, baƙin na biye da ni, na sa sanda na tokare jinkar rumbunmu. Babbansu ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Ba komai a ciki sai ƙaiƙayi da kashin ɓera.

Ina juyowa na ga mata sun biyo ni, kowace ta nufi rumbun mijinta da sanda. Har yau in na tuna yadda jinkaye suka riƙa ɗagawa a jere, sai tsigar jikina ta tashi. Ƙauyenmu ya shiga cikin waɗanda aka tallafa wa, aka kawo hatsi da iri da ɗan kuɗi, bijimi ya zauna, maigida ma ya zauna.

Ya yi kwanaki ba ya yi mini magana. Ran nan yana cin tuwo, kansa a ƙasa, ya ce, "Kin kunyata ni, amma kin hi ni zuciya."

Ina alfahari da abin da na yi, ba zan ɓoye ba. Abin da na koya shi ne, gode wa Allah wajibi ne, amma bai hana mutum ya buɗe baki ya ce 'ya'yansa na jin yunwa.