Makullin Tsohuwa

Ranar Talata ce. Gari bai gama wayewa ba na ji Tsohuwa ta shigo filin bayan gidana tana tari. Tsohuwa motarsa ce, gingimari mai tayoyi bibbiyu a baya, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. Shi kuma ɗana ne na fari. Sunan mahaifina ya ci, shi ya sa nake kiransa Babana tun yana goye har ya tara gemu. Layin gidansa ya yi wa motar ƙunci, don haka duk ranar gyara a ƙarƙashin tagar kicin ɗina yake ajiye ta.

Ya leƙo ta tagar ya ce, "Umma, an tashi lafiya? Akwai shayi, ko in koma gidan matata?"

Na ce, "Koma mana. Ta fi ni iya tafasa ruwa."

A tsaye ya sha shayin, wai baƙin mai da ɗuminsa ake juye shi, in ya huce sai ya yi nauyin jiki ya bar dattin a ciki. Ya ajiye makullin motar a kan tagar kusa da kofin. Na gan shi sarai: makulli ɗaya tilo a jikin wata tsohuwar igiyar fata.

Da hantsi ya gama da injin. Ya canja matacin mai, ya zuba sabon mai, ya zaro sandar awo ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Tsohon man kuwa sai da ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga wa rana, ya shinshina. Ni da na yi rayuwata ina koyar da ilimin sinadarai, ina hana ɗalibai kai hanci bakin kwalba, sai na tambaye shi abin da yake nema.

Ya ce, "Tsaki-tsakin ƙarfe. In ta fara cin kanta, a nan take faɗa mini."

"To yau me ta ce?"

"Ta ce a gaishe ki."

Daga nan ya ɗauki sandar ƙarfe ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kunne a karkace. Mai cikakkiyar iska tana amsawa da ƙarfi, wadda ta sace kuma muryarta a dakushe. A tayar baya ta hagu ya tsaya. Ba sautin ne ya tsayar da shi ba. Wani danshi ya gani a cikin gindin tayar, ƙura ta manne a kai. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya je ya jawo jak.

Abokan aikinsa Sai-na-duba suke ce masa. In an loda kaya aka ce a tafi, sai ya ce sai ya duba. In an ce an riga an duba, sai ya ce to, bari shi ma ya duba. Tun yana ƙarami haka yake. Ya taɓa kwance agogon bangon gidanmu don ya ga wanda ke tura hannayen, ya jera ƙusoshin a kan tire bisa yadda ya ciro su, ya mayar bai rage ko ɗaya ba. Mahaifinsa, kafin ya rasu, ya so ya ga ya zauna a ofis. Ya gwada, ya rame, ya bari. Ya yi shekaru yana tuƙa motar wani, har ya sayi Tsohuwa a lokacin da mai ita ke shirin sayar wa masu yanka ƙarfe. Yashi take ɗauka, da siminti, da buhunan hatsi. Ba ta taɓa riga kowa isa ba, ba ta kuma taɓa kwana a daji ba.

Wajen azahar tayoyin hagun nan biyu suna jingine da katanga. Na kai masa ruwa na tarar yana mayar da su. Ya ce robar da ke hana mai zubowa cikin birki ce ta gaji, ya canja ta. Na lura yana murza notocin baibai.

Na ce, "Babana, kwancewa kake ko ɗaurewa?"

Ya ce, "Ɗaurewa. Motocin zamanin da haka aka yi su. Na dama dama suke ɗauruwa, na hagu hagu, don juyawar taya kada ta riƙa sassauta su. Yaran yanzu sun sha karya sifana a kanta."

Ya nuna mini sauran tayoyin. Kowane noti da ɗan layin alli a kansa, daga notin zuwa jikin ƙarfen. Ya ce ba ya sa allin sai motar ta sauka daga jak, ya ɗaure da doguwar sanda ɗaurin ƙarshe. In layin ya goce a hanya, ido kaɗai ya isa ya gaya masa noti ya motsa.

Na shiga ciki na yi salla na kishingiɗa. Abin da ya yi tsakanin azahar da la'asar ban gani ba. Ina dai jin ƙarar ƙarfe jefi-jefi, da shi yana waƙa ƙasa-ƙasa, ba daɗi, kamar kullum.

Da la'asar ya wanke hannu a famfon waje, ya yi salla, ya ɗaga murya ya ce, "Umma, zan je bakin titi in dawo yanzu."

Na ce, "A dawo lafiya."

Bai kai shagon da ya nufa ba. Masu sayar da kaya a bakin titin suka ce tafiya yake, sai ya dafa sandar lantarki, ya zauna a hankali kamar wanda ya tuna wani abu. Likita ya ce zuciya ce. Kafin magariba an kira ni.

A asibiti aka ba ni leda. Hularsa, wayarsa, guntun alli, da makullin. Sai dai makullin ba yadda na gan shi da safe yake ba. An ɗaure masa wani guntun ƙarfe da siririyar waya, an murɗe ta sosai. Ƙarfen kaurin babban yatsa, mai zare kamar murfin kwalba, bakinsa da baƙin gari mai maiƙo. Na sa ledar a durowa.

Bayan jana'iza masu gaisuwa suka cika gidan. Maza a inuwar Tsohuwa aka shimfiɗa musu tabarmi. Wani mai kirki ya share filin, ya sauke jak, ya kwashe robobin tsohon mai ya zubar, ya tattara kayan aiki a akwati. Har yau ban san ko wane ne ba.

Da ƙafa ta ɗauke, Dogo ya zo. Abokin Babana ne tun suna koyon tuƙi, mutum mai yawan dariya, wanda na ga dariyar ta yi masa wuya ranar. Sun riga sun yi magana da surukata, matar Babana: shi zai riƙa tuƙa Tsohuwa don kada masu ba da kaya su watse, ita da 'yarta su samu abin riƙe gida. Akwai lodin siminti washegari, hanyar kuma mai gangara ce. Surukata ta zo tare da shi, ta zauna a bakin ƙofar kicin.

Dogo ya buɗe gaban motar, ya zaro sandar awo. Ya ce, "Mai sabo fil, Mama. Ruwa ma a cike. Mutumin naki ya gama aikinsa. Makulli kawai."

Na ɗauko. Ya kama wayar zai warware.

Na ce, "Tsaya. Mene ne wannan ƙarfen?"

Ya jujjuya shi. "Irin murfin da ake toshe ramin mai ne. Direbobi kowa da abin da yake ratayawa a makulli. Ni ƙaramin takalmi ne a nawa."

Takalmin da ya ambata ne ya sa na karɓe makullin daga hannunsa.

Lokacin da yarana ke ƙanana, na taɓa ƙona tukunya har ta huje, saboda na ɗora na fita na manta. Tun daga ranar, in na ɗora abu a wuta, sai in ɗauki takalmin fitata ƙafa ɗaya in ajiye a kicin. Ba yadda za a yi in bar gidan ban koma wurin murhu ba. Yaran sun yi ta yi mini dariya. Babana ne kaɗai bai yi ba. Yana ɗan firamare ya tambaye ni, "Umma, in kika fita da wani takalmin fa?" Na ce shi ya sa ba ni da wani.

Na ce wa Dogo, "Da safe babu wannan a jiki. Ya ɗaure shi ne don kada a tayar da motar sai an mayar da shi inda ya fito."

Dogo ya dubi surukata, ta sunkuyar da kai. Na san abin da suke tunani: tsohuwa ba ta son rabuwa da kayan ɗanta. Wataƙila akwai wannan ma. Amma ni a lokacin so nake in san ramin.

Ya shiga ƙarƙashin motar don ya faranta mini. Na ji muryarsa daga can. "Na injin yana nan, Mama. Na giya ma yana nan. Ko'ina a rufe." Ya fito yana kaɗe riga. "Ƙila tsoho ne ya cire ya sa sabo."

"In tsoho ne, me zai sa ya ɗaure shi da makulli?"

"Mama, Sai-na-duba ne fa. Wa ya san kansa?"

Na shiga ɗaki na ɗauko tabarma da tocila.

Dogo ya ce, "Haba Mama! In mutane suka gan ki a ƙarƙashin mota ina tsaye, ina zan sa fuskata?"

Na ce, "Sa ta nan kusa da tawa, ka riƙe mini fitila."

Ban taɓa ganin cikin Tsohuwa ba. Na zaci zan tarar da baƙin datti. Sai na ga wuri a share, kowace gaɓa da sabon man shafawa, wayoyi a ɗaure layi-layi, wani tiyo an naɗe shi da roba a daidai inda yake gogar ƙarfe. Kamar ka shiga ɗakin mutum bayan ya fita. Na bi dogon ƙarfen da ya taso daga gaba da ido, ina tambayar Dogo sunan kowane abu, yana faɗa, har muka kai wani ƙullutu mai kamar tulu tsakanin tayoyin baya. Ya ce a nan haƙoran da ke juya tayoyin suke, cikin mai suke iyo.

Kafin in ga komai hancina ya ji. Wari ne mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, warin farar wuta, wanda na sani tun ina ɗaliba. Na ce ya haska gindin tulun. Wani ɗan tsumma ne a cuse, ya yi baƙi har ya saje da ƙarfen. Na ja shi. Ɗigo ɗaya ya sauko mini a wuyan hannu, shi ke nan. Na kai guntun ƙarfen bakin ramin, da makullin yana reto a jiki, na murza. Ya shiga kamar ana jiransa.

Dogo ya matso da tocilar. Can ya ce, "Inna lillahi. Ya juye na nan ma. Mai ya tafi saya." Ya haska tayoyin baya. "Da siminti, a gangara. Da haƙoran sun yi zafi sun cije, tayoyin baya su tsaya cak."

Muka fito. Surukata tana tsaye, ta dafe ƙirji. Dogo ya shiga zagaya motar a hankali, yadda mai ita ke yi. A tayar baya ta hagu na nuna masa: duk sauran notoci da alli, waɗannan babu. Ya ɗauko sifana ya ɗora, ya danna dama. Notin ya biyo shi ba gardama.

Ya ce, "Kin gani, da hannu kawai aka..."

Na ce, "Kwancewa kake yi. Na hagu hagu suke ɗauruwa."

Ya dube ni, ya dubi notin. Sai dariyar nan tasa ta ƙwace masa, da hawaye a ciki. "Wallahi ya faɗa mini ya fi a ƙirga. Na ce masa motar da ba ta san dama da hagu ba, gidan tarihi ya kamata a kai ta."

Surukata ta ce, "Ni ma haka yake mini a gida. In ya kwance fanka, sai ya sa makunnin a aljihu ya fita da shi. Mu yi ta shan zafi."

Ban san wannan ba. Na so in ji sauran, ta kuwa ba ni labarai da yawa a yammacin nan.

Dogo ya je bakin titi ya sayo man, mai kauri kamar zuma. Ya kwance murfin, ya warware wayar, ya goge maganaɗisun da ke bakinsa, ya nuna mini garin ƙarfen da ya kama: laushi ne, ba tsaki, alamar Tsohuwa ba ta fara cin kanta ba. Ya ɗaure murfin, ya ɗura mai ta wani ramin da ke sama har ya fara dawowa. Ya sa doguwar sanda ya bi notocin hagu, wannan sannan na ƙetarensa, yana nishi. Na ba shi guntun allin da ke cikin ledar asibiti. Ya ja layi a kan kowanne. Simintin bai tafi washegari ba, sai jibi, don Dogo ya ce sai ya duba.

Tufafinsa mun raba wa 'yan uwa da maƙwabta. Akwatin kayan aiki, da jak, da sandar ƙwanƙwasa taya sun bi motar. Surukata ta ɗauki hular da wayarsa. Ragowar allin 'yarsa ta karɓa, ta zane mini bangon kicin da shi, ban goge ba. Makullin yana wurin Dogo a igiyarsa ta fata. Siririyar wayar da aka murɗe ita na riƙe. Tana rataye a ƙusa kusa da murhu, sama da inda nake ajiye takalmin.