Yatsun Mai Yankan Tayil

Abin da na fara gani shi ne hannunsa a cikin tanda. Da safe ne a Tudun Wada, wajen yarinyar da ke tuyar masa a ƙofar gidansu, wadda na daɗe ina so ban iya faɗa ba. Abokina, mai yankan tayil a gidajen da ake ginawa a Maitumbi, ya sa yatsu tsirara ya ɗauko masa, mai na tafasa. Ko gezau bai yi ba.

Ta riƙe baki. "Kai Oga! Ba ka jin wuta ne?"

"Wuta ce take jin tsorona," in ji shi.

Dariyar da ta yi masa ita ce wadda na yi ta mafarkin za ta yi mini. A littattafan soyayyar da nake haya, mai tattausan lafazi ne yake samun budurwa, ni kuwa tela ne, na tanadi kalamai masu daɗi fal cikina. Amma kullum shi take kallo, har ta riƙa ajiye masa ta tsakiyar tanda don ya sake gwadawa.

Kishi ya ci ni. Wata rana na tura nawa hannun. Ihun da na yi sai da ya tsayar da wani mai keke.

"Tela, rufa wa kanka asiri," ta ce tana share hawayen dariya. "Naka na allura ne."

Na yi kwanaki ba na iya zura zare. A ɗakinmu na ga yana fama da maɓallin riga, kan yatsunsa fari fat bayan alwalar asuba. Ya ce injin yankan tayil ɗin ne: yini guda yana karkarwa a hannunsa, har ya daina bambance zafi da sanyi. Na ce ya je asibiti, ya ce sai an gama ginin. Na yi tunanin in ta sani za ta dawo kaina. Da kansa ya gaya mata, sai ta ƙara sonsa. Ni na ɗinka masa kayan angonci.

Yanzu ya bar aikin, likita ya ce jijiyoyin sun lalace. Yana tsaron shagon siminti a Maitumbi. Kwanan baya na tarar da su a tsakar gida, tana yanke masa farce a hankali don ba zai ji ba ko ta kai nama. Na gaishe su a tsaye, ban iya zama ba.